Shawarar Jama'a Wajen Tsara Shekarar Makaranta

Maganar yau game da wata 'yar takarda ce mai shafi ɗaya, wadda ta kan fito daga Ma'aikatar Ilmi ta kowace jiha kafin a koma makaranta. A cikinta a kan rubuta ranar buɗewa, da ranar rufewa, da ranakun hutu, da makon jarrabawa. Ita a ke kira kalandar makaranta, ko jadawalin shekarar karatu. Hedimasta ya kan liƙa ta a bangon ofis, ƙura ta rufe ta, ba kowa ke tsayawa ya karanta ba. Amma fa ba dokar Gwamnati da yawa ke shiga cikin gidajen mutane kamar yadda wannan takarda ke shiga ba. Ita ke faɗin ranar da manomi zai sami ɗansa a gona da ranar da zai rasa shi. Ita ke faɗin ranar da uba zai nemo kuɗin mota da na makaranta, ko aljihu da nauyi ko babu. Saboda haka ya kamata kowane magidanci ya san yadda a ke tsara ta, da wanda ke da ikon tsarawa, da kuma ƙofar da shi zai bi a ji ta bakinsa.

Da farko dai, ikon na jiha ne. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya sa sha'anin ilmi cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya da gwamnatocin jihohi su ke tarayya a kansu. Tarayya ta kan tsara wa kwalejojinta nasu ranakun, kowace jiha kuwa ta tsara wa makarantun da ke ƙasarta, na Gwamnati da masu zaman kansu. A ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi akwai hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha, wadda ta samo asali daga shirin da aka ƙaddamar a Sakkwato cikin 1999 aka yi masa doka cikin 2004. A ƙarƙashin wannan hukuma akwai sakataren ilmi a kowace ƙaramar hukuma, sa'an nan a makaranta akwai ƙungiyar iyaye da malamai, da kuma kwamitin kula da makaranta, inda a ke so a ga mai gari, da malaman addini, da mata, da tsofaffin ɗalibai. Tsani dai ga shi a kafe tun daga ƙauye har zuwa hedkwata. Abin da ya kan faru shi ne, takarda ta kan sauko ta kansa, amma magana ba ta cika hawa ba.

Siffar shekarar ma ba daga sama ta faɗo ba. A da, cikin Janairu a ke fara shekarar karatu a gama cikin Disamba, kamar yadda dattawan da suka yi elementare za su iya tunawa. Cikin 1973 aka mayar da mafarin Satumba. Abin da hukuma ta sauya sau ɗaya don wani dalili, ta na iya gyara shi don wani dalilin, in an kawo mata hujja.

To, ga lissafin da ya kamata a fara da shi. Shekara zango uku ce, kowane zango mako 12 ko 13. In an ɗauki 13, an sami mako 39 ke nan, kwana biyar biyar, watau kwana 195. A ido wannan da yawa. Amma a cire makon farko na kowane zango, wanda ya kan tafi wajen shara da jiran waɗanda ba su dawo ba, an zubar da 15. A cire mako biyu na ƙarshen kowane zango, na jarrabawa da duba takardu da ba da sakamako, an zubar da 30. Saura 150. A cire hutun Gwamnati da ya faɗo cikin zango, kamar 1 ga Oktoba, da 1 ga Mayu, da 12 ga Yuni, da na Salla da na Mauludi, a ce kwana goma. Saura 140. In kuwa garin mai babbar kasuwa ne, kamar Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis, yarinyar da ke ɗaukar talla da yaron da ke kora dabbobi sun rasa kwana guda a kowane mako, sai su tashi da ɗari da 'yan kai. Wannan misali ne kurum, kowane hedimasta ya na iya yin nasa da rajistar makarantarsa, kuma ya kamata ya yi, ya karanta wa iyaye. Wanda ya ga wannan lissafi ba zai ƙara cewa mako guda ba kome ba ne.

Akwai ranakun da ba mai iya taɓa su a jiha, ko gwamna ne. Jarrabawar WAEC, wadda hukumarta ta kafu tun 1952, ta ƙasashen Afirka ta Yamma biyar ce, a kan yi ta wajen Mayu da Yuni. Ta NECO ta kan biyo baya wajen Yuni da Yuli. Yaron Gumel da yaron Ikko takarda ɗaya za a miƙa musu rana ɗaya, kuma mai duba takardar ba zai tambayi wanda makarantarsa ta yi wata guda a rufe ba. Duk shawarar da za a yi, daga wannan turke a ke auno igiya.

Sai damina, wadda ita ce babbar magana a ƙasar manoma. A yawancin ƙasar Hausa ruwan shuka ya kan sauka cikin Mayu ko Yuni. Daga nan sai noman fari, sai maimai, aiki ne wanda ba ya jira, gama ciyawa ba ta san yaro na aji ba. Wannan kuwa ya faɗo daidai tsakiyar zango na uku. Dogon hutu ya kan fara wajen ƙarshen Yuli ya kai farkon Satumba ko tsakiyarsa, watau ya rufe Agusta, lokacin marka, sa'ad da mafi nauyin noma ya riga ya wuce, amfanin gona kuwa bai nuna ba. A na komawa makaranta sai girbin gero, sai cirar gyaɗa, sai roron wake, sai dawa wajen Nuwamba da Disamba, a ƙasar Funtuwa da Gusau kuma ga tsinkar auduga. Ashe ke nan hutun ya zauna tsakanin ayyuka biyu bai taɓa ko ɗaya sosai ba. Malamin ƙauye ya san wannan ba sai an gaya masa ba, domin ya na ganin benci wayam cikin Yuni da Oktoba. Wani ma'aikaci ya kan ce laifin iyaye ne, ba su san darajar ilmi ba. Wannan magana ta yi tsauri, kuma ba ta gyara kome. Mutumin da ba shi da kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago, in ya rasa mako biyu na noman fari ya rasa abincin shekara, har da abincin da yaron zai ci ya tafi makaranta. Abin da ya fi amfani shi ne a tambaye shi wane mako ne ya fi matsuwa, a ga ko hutun rabin zango zai iya faɗawa cikinsa, maimakon a ajiye shi inda ba ya amfanin kowa.

Maƙwabta na Jamhuriyar Nijar su na da tasu hanya. Can wajen Oktoba a ke komawa firamare, a tashi wajen Yuni, damina kusan duka yara na gida. Amma su ma da tasu wahalar, domin inda azuzuwan na zana ne sai an yi girbi an sami kara kafin a kafa su, ruwan farko kuma ya na sauka karatu ya tsaya. Cikin 2024 ambaliya ta sa Gwamnatin ƙasar ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba.

Yanzu sai maganar wata, wadda ita ce ta ta da ƙura cikin 2025. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka azumi ya kan ja baya kowace shekara, sai ya yi wajen shekara 33 kafin ya kewayo inda ya taso. Cikin 2011 da 2012 ya faɗo cikin dogon hutu ko kusa da haka, ba wanda ya yi gardama. Cikin 2025 kuwa aka ɗauki azumi ran 1 ga Maris, aka yi Salla ran 30 ga watan, daidai shigar bazara, lokacin da zafi a Arewa mai nisa ya kan kai awo 40 har ya wuce. Jihohin Bauchi, da Kano, da Katsina, da Kebbi suka ba da hutun makaranta wanda ya rufe watan azumi. Aka tashi a ƙarshen Fabrairu, aka koma a farkon Afrilu, kimanin mako biyar.

Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, ta bakin shugabanta Akbishop Daniel Okoh, ta ƙi amincewa. Ta ce a cikin waɗannan makarantu akwai 'ya'yan Kirista, ta ce jihohin nan su na cikin waɗanda suka fi yawan yaran da ba su zuwa makaranta, ta ce ba a yi shawara yadda ya kamata ba, ta kuma kawo misalin ƙasashen Larabawa inda a kan rage sa'o'in karatu cikin azumi ba tare da an rufe ba. Har ta ambaci zuwa kotu. Ma'aikatar Ilmi ta Bauchi ta amsa cewa tun farkon shekarar karatu aka tsara jadawalin, kuma an zauna da waɗanda abin ya shafa. Masu goyon bayan hutun suka ce hutun Kirsimeti da na Ista sun daɗe a cikin kalanda ba wanda ya ce uffan, kuma yaro mai azumi a aji mai mutum tamanin ƙarƙashin kwano cikin Maris ba abin da zai shiga kansa.

Kowane ɓangare ya na da gaskiyar da ya riƙe. Amma abin lura shi ne, gardamar ta ɓarke ne a ƙarshen Fabrairu, a rediyo da jaridu, alhali kuwa tun watanni kafin nan masu lissafi sun san inda azumi zai faɗo, in an yi kuskure kwana ɗaya ne. Sanarwar ganin wata ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce, ita ke yanke rana, amma mako ba ya ɓuya. Da cikin Yuli na 2024 aka baje takardar a gaban kowa, aka ce ga inda azumi zai faɗo, ga Ista ran 20 ga Afrilu, ga jarrabawa cikin Mayu, ga yawan kwanakin karatu in an bi wannan hanya, ga yawansu in an bi waccan, da maganar ta zama ta lissafi. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ko kwanakin karatu sun ragu ko kuwa wuri kawai aka sauya musu, amma ita ce aka fi mantawa da ita cikin hayaniya. Sa'an nan akwai darasi cikin cewa wani ya ce an yi shawara wani ya ce ba a yi ba. In an kira mutum biyar ofis a babban birni, an sha lemo, an sa hannu, a littafin ma'aikata an yi shawara. Amma uwar da ke Tafawa Ɓalewa ko Zuru ba ta ji ba, sai ranar da ɗanta ya dawo da akwati. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ƙasar da masallaci da coci ke unguwa ɗaya, 'yar tsaga kaɗan ta isa.

Maganar ba ta ƙare da 2025 ba, siffarta ce za ta sauya. Bisa lissafi azumi zai kama wajen farkon Fabrairu cikin 2027, wajen ƙarshen Janairu cikin 2028, cikin 2030 kuwa zai zo sau biyu, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Watau ya na barin bazara ya na shiga ɗari, hujjar zafi ta na raguwa. Kuma zai riƙa faɗowa a farkon zango na biyu, bayan an dawo daga hutun Disamba da 'yan makonni. Jihar da ta ce sai ta rufe wata guda a lokacin, za ta tarar zango na biyu ya tsinke gida biyu. Abin da ya dace da shekara ɗaya ba lalle ya dace da ta gaba ba, shi ya sa zaman shawara ya zama na kowace shekara.

Yaya a ke yin shawarar da ta amsa sunanta? Lokaci shi ne farko. Ya kamata daftarin ya fito tun cikin Mayu ko Yuni, a rubuce da Hausa da sauran harsunan wurin, da boko da ajami inda a ke bukata, ya isa hannun sakataren ilmi, daga nan zuwa ga hakimi, da dagaci, da mai unguwa. A karanta shi bayan sallar Juma'a, a karanta shi a coci ran Lahadi, a maimaita a rediyon jiha. Mai shela ma bai tsufa ba. Taron kuwa kada a sa shi da hantsi cikin damina, sa'ad da duk mai abin faɗi ya na gona, don wanda za a samu a lokacin ba shi ne mai ɗaki ba, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke masa yoyo. Bayan la'asar ya fi, ko ranar da ba kasuwa.

Mata su na bukatar nasu zama. Uwa ce ta san ranar da a ke bukatar yarinya a gida, ita ta san lokacin bukukuwa, wanda ya kan yi yawa bayan kaka da kuma gab da azumi. A inda mata ba su fita taron maza, malama ta shiga gida gida, ko a tara su a makarantar Islamiyya, a rubuta abin da suka ce a kawo. Malamin allo da na Islamiyya su ma a kira su, gama yaro ɗaya ne a ke rabawa tsakaninsu da boko, kuma su na da nasu hutun na Alhamis da Juma'a tun kaka da kakanni. Arɗo kuma a neme shi. Tun 1989 aka kafa hukumar ilmin makiyaya ta ƙasa, bisa fahimtar cewa ɗan da ke bin shanu mashekari da rani ba zai iya bin agogon ɗan birni ba. Masu makarantun kuɗi a ji nasu, amma a ji na iyayen da ke biya, domin zangon da ya buɗe mako guda bayan Salla ya tarar da uba ya gama kashe abin hannunsa wajen ɗinki da hatsi.

Wajibi ne kuma a gaya wa jama'a gaskiya tun a bakin ƙofa, cewa ba duk abin da aka roƙa za a samu ba. Jiha ba za ta iya yin kalanda arba'in ba, malamai a na yi musu canjin wuri, jarrabawar jiha rana ɗaya ce, masu duba makarantu su na da zagayensu. Ranar buɗewa da ta rufewa, da jimlar kwanakin karatu, na Ma'aikata ne. Amma a cikin wannan shinge akwai fili. Ba abin da zai lalace in aka bar ƙaramar hukuma ta zaɓi makon hutun rabin zango, ko ta matso da lokacin shiga aji cikin bazara don a tashi kafin rana ta take, ko ta jinkirta shi cikin tsananin ɗari, ko ta rage sa'o'i cikin azumi, ko ta san yadda za ta yi da ranar kasuwa. Kano ta na da hawan Daushe da na Nasarawa bayan Salla, ta na da Takutaha bayan Mauludi, Daura ta na da Sallar Gani. Ko an rubuta ko ba a rubuta ba, aji zai zama wayam a waɗannan ranaku. Gara a rubuta su a fili, a kuma rubuta ranar da za a rama.

Kalmar ramuwa ita ce inda alhakin ya koma kan jama'a. Garin da ya roƙi mako guda don noma aka ba shi, ya ɗauki alkawari ke nan cewa ranar komawa kowane yaro zai koma, ba sai bayan mako biyu ba. Mai unguwa da kwamitin makaranta su ne za su bi gida gida. Hukuma kuma nata alkawarin shi ne ta ba da amsa a rubuce, ta ce an karɓi kaza, an ƙi kaza saboda kaza. Mutumin da aka ƙi maganarsa aka gaya masa dalili zai dawo taro baɗi. Wanda aka yi shiru da tasa ba zai sake ɓata yammacinsa ba.

Saura abin da ba a shirya masa ba. Cikin 2014 cutar Ebola ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 22 ga Satumba. Cikin Maris na 2020 annobar korona ta rufe makarantun ƙasa duka har watanni, jarrabawar WAEC ta koma Agusta. Cikin Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Maiduguri, makarantu suka zama masaukin waɗanda suka rasa gidaje. Garuruwan bakin kogin Haɗeja sun san irin wannan tun da daɗewa. A shekarar zaɓe kuma makarantu su kan zama rumfunan jefa ƙuri'a. A irin wannan hali ba a jiran taro, hukuma za ta rufe nan take, kuma daidai ne. Abin da za a iya yi tun da wuri shi ne a ware 'yan kwanaki a ƙarshen kowane zango, a rubuta su cikin kalanda da sunan kwanakin ramuwa. In shekara ta tafi lafiya su zama hutu, in ta zo da matsala a yi karatu a cikinsu.

Duk uban da ke so ya sa baki, hanyar ita ce ya je wurin hedimasta ya nemi a nuna masa kalandar bana, ya tambayi sunayen 'yan kwamitin makarantar da ranar zamansu na gaba. In an ce ba kwamiti, ko an ce ya daɗe bai zauna ba, ya kai maganar ga mai unguwa, su tafi tare wurin sakataren ilmi na ƙaramar hukuma. A yi wannan kafin ruwan shuka ya sauka, tun daftarin baɗi bai bar teburin Ma'aikata ba.